Gadar Kogin Kwai: Abin Da Fim Ya Nuna Da Abin Da Tarihi Ya Riƙe

 A wannan makon za mu leƙa wani tsohon fim na yaƙi da ya fito a 1957, mai suna The Bridge on the River Kwai, wato Gadar Kogin Kwai. Kwai ɗin nan sunan kogi ne a ƙasar Tailan, babu ruwansa da na kaza. Fim ne mai tsawon minti 161, David Lean ne ya ba da umarni, Sam Spiegel ya shirya, ya kuma lashe lambobin yabo na Oscar guda 7. Duk da sunansa fim ɗin yaƙi, harbe-harben cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawansa a sansanin fursunonin yaƙi ake yin sa, inda kanar biyu ke ja-in-ja a kan wanda zai ɗauki shebur da wanda ba zai ɗauka ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko shi shi ne, da wuya a samu labarin da ya kai shi iya nuna yadda kyakkyawan hali ke kai mutum ya baro. Amma kuma a kan wahalar mutane na gaske aka gina shi, kuma da yawa daga waɗanda suka sha wahalar ba su ji daɗin yadda aka nuna su ba. Duk wanda ke da niyyar ɗauko labari daga tarihi, sai ya ci karo da irin wannan lissafi.

Yadda aka yi aka fara gina layin

A ranar 15 ga Fabrairu, 1942, Singafo ta faɗa hannun Japan, sojojin Birtaniya da Indiya da Ostireliya kimanin 80,000 suka miƙa wuya. Kafin tsakiyar shekarar, Japan ta mamaye Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Sai matsalar ciyar da rundunar da ke can ta taso. Hanyar teku ta zagaye ce mai nisa, ga jiragen ƙarƙashin ruwa na abokan gaba suna dakon duk jirgin da ya gifta. Shi ya sa hukumomin sojan Japan suka yanke shawarar shimfiɗa layin dogo daga Nong Pladuk a Tailan zuwa Thanbyuzayat a Burma, tsawon kilomita 415, ta cikin surƙuƙin daji da duwatsu da koguna. Turawan Ingila sun taɓa auna wannan hanya tun kafin yaƙi, suka ga wuyarta suka haƙura.

Japan ta gama aikin cikin kimanin wata 16, a Oktoban 1943, da gadoji sama da 600. Da hannun mutane aka yi shi, da diga da shebur da kwando. An kawo fursunonin yaƙi kimanin 60,000, 'yan Birtaniya da Ostireliya da Holan da wasu 'yan tsirarun Amurkawa, sama da 12,000 daga cikinsu suka mutu. An kuma kwaso leburori 'yan Asiya wajen 200,000, wasu da yaudara wasu da ƙarfin tsiya: Tamilawa daga gonakin roba na Malaya, mutanen Burma, mutanen Jawa da sauransu. Ana ƙiyasin kimanin 90,000 daga cikinsu ba su koma gida ba. Kwalara da atuni da zazzaɓin cizon sauro da gyambo da yunwa da duka, su suka yi wannan ɓarna. Shi ya sa har yau ake kiran sa Layin Mutuwa. Mu riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Labarin da fim ya bayar

Fim ɗin ya buɗe da tsuntsu yana shawagi a sama, sannan kyamara ta sauko kan kaburbura a gefen layin dogo. Kafin kowa ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya san irin wurin da ya shigo. Sai ga bataliyar fursunonin Birtaniya ta iso sansani, tufafi a yage, wasu ba takalmi, amma suna maci a jere suna fito. Waƙar da suke busawa ita ce Colonel Bogey, wadda Kenneth Alford ya tsara a 1914. Baitocin da sojoji suka liƙa mata na batsa ne, ba su shiguwa fim a wancan zamani, sai aka bar fiton kawai. Abin da aka yi don kauce wa matsala, shi ya zama tambarin fim ɗin. Da wannan fito kaɗai muka fahimci cewa mutanen nan an ci su da yaƙi amma ba su yarda sun zama bayi ba.

Shugabansu shi ne Kanar Nicholson, wanda Alec Guinness ya fito a matsayinsa. Kwamandan sansanin kuwa Kanar Saito ne, wanda Sessue Hayakawa ya taka, tsohon tauraron da ya yi tashe a Hollywood tun zamanin finafinai marasa magana. Saito ya ce kowa zai yi aikin gada, har da hafsoshi. Nicholson ya ce Yarjejeniyar Jeniba ta 1929 ta hana a tilasta wa hafsa aikin ƙarfi, kuma gaskiyarsa, haka sashe na 27 ya tanada. Saito ya karɓi ɗan littafin yarjejeniyar ya mare shi da shi. Japan dai ta sa hannu a yarjejeniyar, amma ba ta taɓa tabbatar da ita a hukumance ba.

Aka jefa Nicholson cikin wani ɗan akurkin kwano a tsakiyar rana, kwana da kwanaki, ya ƙi tanƙwaruwa. A nan marubutan fim suka yi wata dabara da ya kamata mu lura da ita. Ba su bar Saito a matsayin mugu tsantsa ba. Sun ɗora masa wa'adi: dole a gama gada ranar 12 ga Mayu, in ba haka ba al'adar sojan ƙasarsa ta wajabta masa ya kashe kansa. Ga aiki ya tsaya cak, fursunoni sai zagon ƙasa suke yi. Da tura ta kai bango, Saito ya fake da bikin tunawa da nasarar Japan a kan Rasha a 1905, ya yi afuwa ya saki hafsoshin. Fursunoni suka ɗaga Nicholson sama suna sowa, shi kuwa Saito yana ɗakinsa shi kaɗai yana kuka.

Da ƙaramin marubuci ne, a nan zai ajiye alƙalami: jarumi ya jure, azzalumi ya sha kunya. To amma a nan ne labarin ya fara. Nicholson ya zagaya ya ga sojojinsa sun zama taron 'yan shiririta, babu ladabi babu tsari. Sai ya yanke cewa maganin wannan shi ne aiki, za su gina gadar tsakani da Allah, su nuna wa Japan yadda sojan Birtaniya ke aiki. Injiniyansa ya gano cewa a kan taɓo aka kafa ginshiƙan, aka mayar da gadar wani wuri mai ƙarfi. Da injiniyan ya ambata cewa akwai itatuwa a dajin masu kama da waɗanda suka riƙe gadar Landan shekara 600, sai fuskar Nicholson ta canza. Tun daga wannan lokaci, gadar ta shiga ransa.

Mu duba matakan da ya bi. Mutumin da ya kusa mutuwa don kada hafsa ya ɗauki shebur, shi ne da bakinsa ya nemi hafsoshi su shiga aiki da wa'adi ya matso. Shi ne ya shiga asibitin sansani ya lallaɓo marasa lafiya su fito su taimaka. Abin da Saito ya kasa samu da bulala, Nicholson ya ba shi a ruwan sanyi. Likitan sansanin, Manjo Clipton, ya tambaye shi ko ba ya ganin wannan zai iya zama taimakon abokan gaba. Nicholson ya mayar masa da cewa, in aka kawo masa Saito a kan gadon tiyata, ba zai yi iya ƙoƙarinsa ba? Amsa ce mai daɗin ji, kuma a nan haɗarin yake. Kowane mataki da ya ɗauka yana da hujjar da mai hankali zai iya karɓa. Sai an haɗa su wuri ɗaya ake ganin cewa kanar ɗin Birtaniya ya gina wa Japan hanyar kai makamai fagen da ake kashe 'yan uwansa. Yarjejeniyar da ya sha mari a kanta, sashe na 31 nata ya hana a sa fursuna aikin da ke da alaƙa kai tsaye da yaƙi. Ya riƙe sashen da ya shafi martabar hafsa, ya manta da wannan.

A ɗaya gefen akwai Shears, Ba'amurke, wanda William Holden ya taka. Shi ba ruwansa da martaba, burinsa ya tsira da ransa. Ya gudu daga sansanin da kyar ya isa Siri Lanka, sai asirinsa ya tonu cewa muƙamin hafsan da yake taƙama da shi na aro ne. Da wannan aka ɗaure shi da jijiyar jikinsa, aka tilasta masa ya raka ayarin Manjo Warden su koma su tarwatsa gadar. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ta haka labarin ya rabu biyu, masu gini da masu zuwa rushewa, duka ɓangare ɗaya suke yi wa yaƙi, kuma mai kallo ya rasa wa zai goya wa baya.

Daren ƙarshe, bayan Nicholson ya kafa allo mai ɗauke da sunansa da bayanin cewa sojojin Birtaniya ne suka gina, ya tsaya a kan gadar yana lissafin shekara 28 da ya yi a soja, yana tambayar kansa ko rayuwarsa ta tsinana wani abu. Yana cikin magana sandarsa ta hafsa ta suɓuce ta faɗa ruwa. Ba wanda ya yi sharhi a kai, an bar mai kallo ya karanta da kansa. Cikin dare ayarin Warden suka ɗaura nakiya. Gari na wayewa ruwan kogi ya ja baya, wayar nakiyar ta fito fili. Wanda ya hango ta kuwa Nicholson ne. Ya ja Saito suka bi wayar har bakin kogi, ya tona asirin mutanensa da hannunsa. Matashin soja Joyce ya soke Saito, aka harbe Joyce, Shears ya ninƙayo ya haye shi ma aka harbe shi. Sai da Nicholson ya ga fuskar Shears sannan ya farga, ya tambayi kansa abin da ya aikata. Ɓarɓashin harsashin igwar Warden ya same shi, ya yi tangaɗi ya faɗa kan akwatin tayar da nakiya, gada da jirgi suka rufta cikin kogi. Da gangan ya faɗa ko mutuwa ce ta kayar da shi? Fim bai faɗa ba, kuma mutane na ta muhawara a kai tun 1957. Gada ce ta gaske aka gina da katako a Kitulgala ta ƙasar Siri Lanka, jirgin ƙasa na gaske aka tura a kanta, aka tarwatsa su a gaban kyamara.

Abin da tarihi ya riƙe

Gadar gaske tana kusa da garin Kanchanaburi, a wani wuri da ake kira Tamarkan. Biyu ne ma: ta katako da aka gama a farkon 1943, da ta ƙarfe da kankare da ta biyo bayanta da 'yan watanni, wadda aka kwaso ƙarafanta daga tsibirin Jawa. Babu wani ayarin kundumbala da ya tarwatsa su. Sun yi wa Japan aiki kusan shekara biyu, sai a 1945 jiragen sama suka yi musu ruwan bama-bamai. An gyara ta ƙarfen bayan yaƙi, har yau jirgi na bi ta kanta. Kogin da ke ƙarƙashinta ma a lokacin Mae Klong ake kiran sa. Da masu yawon buɗe ido suka yi ta zuwa neman gadar Kwai, sai a shekarun 1960 aka sauya wa wannan yanki na kogin suna ya koma Khwae Yai. Ƙarfin labari ke nan, har taswira ta bi shi.

Babban hafsan fursunoni a Tamarkan shi ne Laftanar Kanar Philip Toosey. An ba shi damar ficewa daga Singafo kafin ta faɗi, ya ƙi, ya zauna da sojojinsa. Ya yi kama da Nicholson a abu ɗaya: ya yarda cewa tsafta da ladabi su ke riƙe ran fursuna. Amma shi manufarsa mutanensa su rayu. Ya hana a ware wa hafsoshi wurin cin abinci na daban. Ya sha duka wajen shiga tsakanin masu gadi da fursunoni. Ya haɗa baki da wani ɗan kasuwar Tailan mai suna Boonpong, wanda ya riƙa shigo da magani da abinci a ɓoye, yana sane cewa in aka kama shi kashinsa ya bushe. Fursunoni kuwa sun riƙa jan ƙafa a aiki, suna ɓata kwaɓin kankare, suna tara gara suna zubawa a katako. Akwai Saito na gaske a sansanin, amma samanja ne, kuma an san shi da sauƙin hali idan aka kwatanta da sauran. Bayan yaƙi Toosey ya yi masa kyakkyawar shaida, ba a gurfanar da shi ba. Toosey ya rasu a 1975, daga baya Saito ya yi tattaki har Ingila ya ziyarci kabarinsa.

To ku auna yadda tsofaffin fursunoni suka ji da suka shiga silima suka ga an nuna kwamandansu yana gina wa abokan gaba gada da alfahari. Nicholson ƙagaggen mutum ne, amma gadar ta gaske ce, sansanin na gaske ne, jama'a kuwa ba sa rarrabewa. Sai a 2005 jikar Toosey, Julie Summers, ta fitar da littafin The Colonel of Tamarkan don ta bayyana wa duniya ko wane ne kakanta. Su ma Japanawa suna da nasu ƙorafin. Fim ya nuna injiniyoyinsu ba su iya zaɓen wurin kafa gada ba sai da Bature ya koya musu, alhali rundunoninsu na layin dogo ƙwararru ne, su suka tsara aikin daga farko har ƙarshe. Hannun fursuna kawai suke buƙata.

Babban giɓin kuwa shi ne waɗancan mutum 90,000. A cikin minti 161, babu leburan Asiya ko ɗaya da aka ba suna ko murya. A maƙabartar yaƙi ta Kanchanaburi akwai kaburbura kusan 7,000 na fursunoni, yawancinsu da suna da lambar soja. Leburorin nan kuwa mafi yawansu a ramuka aka zuba su a daji, ba rajista ba alama. Su suka fi yawa a aikin, su suka fi yawa a mutuwa, fim ɗin da ya sa duniya ta san layin kuma ya tsallake su.

Su wa suka rubuta shi

Asalin labarin littafi ne na Bafaranshe Pierre Boulle, da ya fito a 1952. Boulle bai yi aiki a wannan layi ba. Ya yi aikin gonar roba a Malaya, ya shiga yaƙi a ɓangaren 'yantar da Faransa, sai 'yan ƙasarsa masu biyayya ga gwamnatin Vichy suka kama shi suka ɗaure a Indocina. Ya ce daga halayen hafsoshin Faransa da ya gani suna haɗa kai da abokan gaba ya ƙera Nicholson. Wato ya ɗauko ciwon da ya sani, ya sa masa kakin wata ƙasa, ya ajiye shi a sansanin wasu mutane. A littafin ma gadar ba ta rushe ba, masu fim ne suka rushe ta.

Waɗanda suka mayar da littafin fim su ne Carl Foreman da Michael Wilson. Dukansu suna cikin marubutan da Hollywood ta haramta wa aiki a shekarun 1950 bisa zargin alaƙa da kwaminisanci, don haka aka ɓoye sunansu aka rubuta na Boulle, mutumin da ba ya rubutu da Turanci. Shi aka ba Oscar ta tsara labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1984 hukumar Oscar ta amince da haƙƙinsu, Wilson ya riga ya rasu tun 1978, Foreman kuma a wannan shekarar ya rasu. Fim ɗin da jaruminsa ya halaka wajen son kafa allo da sunansa, marubutansa ba su ga nasu sunan a jikinsa ba.

Inda abin ya taɓo mu

Kayan yaƙin da suka bi ta kan wannan gada, rundunar Japan da ke Burma aka kai wa. Cikin waɗanda suka fuskanci wannan runduna akwai dubun-dubatar sojojin Afirka ta Yamma, a Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Da yawansu daga Arewacin Najeriya aka ɗebo su, kuma Hausa ce harshen bariki. Sunayen Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Burma Camp a Akara, duk daga can suka samo asali. Haka kuma faɗuwar Malaya ce ta yanke wa Birtaniya kuza, abin da ya sa daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban talakawan Arewa ana kai su aikin dole a ma'adinan Jos. Biyi Bandele ya rubuta Burma Boy a 2007 da Turanci a kan waɗannan sojoji. Filin yana nan da faɗi ga mai rubutu da Hausa.

Duk wanda zai shiga wannan fili, Gadar Kogin Kwai na da abin koya masa ta fuska biyu. Ya koyi gina jarumin da halinsa na kirki ne zai kayar da shi, mataki bayan mataki, kowanne da hujjarsa. Ya koyi bai wa abokin gaba nasa tsoron da nasa wa'adin. Ya koyi barin sanda ta faɗa ruwa ba tare da ya tsaya yi wa mai karatu fassara ba. Sannan kafin ya sa wa ƙagaggen jarumi rigar mutumin gaske, ya tuna Toosey, wanda iyalinsa suka shafe shekaru suna wanke sunansa daga laifin da wani marubuci ya ƙaga. Idan ya gama rubutu kuma, ya sake ƙirga mutanen da ke wurin a ranar da abin ya faru, ya duba su wa ya bari a waje.

Wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya neme shi. Wanda ya kalla kuma, muna son jin ra'ayinsa a kan faɗuwar Nicholson: tuba ce, ko kuwa ihu bayan hari? Sai mun haɗu a mako mai zuwa.